Batirin da Kudu Ya Zaɓa

Laraba, 27 ga Maris, 2013

Jiya muka dawo Minna. An binne Kambai a ƙauyensu, can gaba da Zonkwa, kusa da kabarin babansa. Mijina. Na rubuta kalmar na tsaya ina kallonta.

Ɗakin yana nan yadda muka bar shi. Silifas ɗinsa a bakin ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya. 'Yarmu Shekinah ta shiga ta kwanta a gefensa na gado. Yarinya 'yar shekara tara, ta koyi shiru irin na manya.

Da hantsi Kudu ya zo. Abokin aikinsa, wanda suka yi shekaru suna nutso tare a dam ɗin Tagwai, in ɗaya yana ƙasan ruwa ɗaya yana cikin kwalekwale riƙe da igiya. Bai shigo ba. Ya tsaya a bakin get da baƙar leda a hannun nan nasa mai yatsu uku.

"Maman Shekinah, ga kayansa."

Tocilar nutso ce. Har yanzu akwai laka a jikin igiyar da yake ɗaure ta a wuyan hannu. Na danna, ba ta kawo ba. Na sake dannawa.

Na ce, "Batirin nan naka ne a ciki?"

Ya sunkuyar da kai. Na rufe get.

Lahadi, 31 ga Maris

Ista. Fasto ya ce kabari ba shi da iko. Ina bencin baya ina tuna yawan jar ƙasar da suka tula a kan nawa.

Talata, 2 ga Afrilu

Bari in rubuta abin nan yadda na gane shi, ko kaina zai daina juyawa.

Ruwan Tagwai daga an nutsa kaɗan duhu ne, ko da rana tsaka. Ba tocila, ba ido. Batirin da suke sa wa tocilar irin mai cajin nan ne, dogo kaɗan, kaurinsa kamar babban yatsa. Iri biyu ne. Akwai wanda ake cirowa daga tsofaffin batiran laftof, su suna ce masa tsirara, don ba komai a jikinsa sai shi kaɗai. In cajinsa ya fara ƙarewa hasken yakan yi ja, ya riƙa raguwa a hankali kamar fitilar da kananzir ya kusa ƙare mata. Mai nutso ya gani, ya san lokacin hawowa ya yi. Akwai kuma mai kariya. Shi an liƙa masa wani ɗan faifai a gindi, kamar maɓallin riga. In caji ya yi ƙasa, ko ya ji zafi, ko wani abu ya taɓa shi ba daidai ba, sai faifan ya yanke wuta. Ɗif. Ba ja, ba gargaɗi.

Kambai yana ce wa faifan nan ɗan sanda. Ya ce tare ka yake yi ba sallama.

Shi tsirara yake so. Tun da ya dawo daga Fatakwal, inda ya koyi aikin, da shi yake shiga ruwa. Sai bara tocilar Kudu ta fashe masa a hannu cikin kwalekwale. Tsirara ne a ciki. Batirin ya yi zafi ya fitar da iska, ita kuwa tocilar nutso a toshe take ruf don kada ruwa ya shiga, iskar ba ta da hanyar fita. Yatsu biyu suka tafi. Tun yana gadon asibiti ya fara, Kambai ka bar tsirara, Kambai ka yi mini alkawari. Da ya fito, a tsakar gidan nan suka zauna suna ta musu, ina tuƙa tuwo ina jinsu.

Kambai ya ce, "Ni gara wuta ta yi mini sallama kafin ta tafi."

Kudu ya ɗaga masa hannun da bandeji. Shi ke nan, musu ya ƙare.

Daga baya ya ce mini, "Phoebe, mutum ya ba da yatsu biyu, da wane baki zan yi masa gardama?"

Yatsu biyu. Kudu yana yawo a unguwar Shango da sauran takwas ɗinsa.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na kai tocilar wurin Abdulwasiu, mai gyaran waya na bakin titi. Ta hannunsa suke yo odar batiran daga Legas. Da ya gan ni ya miƙe tsaye, ya rage sautin rediyo, ya yi mini gaisuwa har sau biyu.

Ya kwance ta, ruwa ya ɗigo a kan teburinsa. Ya goge batirin, ya ɗora masa wayoyin mitarsa, ya ce faifan ya yanke, babu shakka.

Na ce, "To. Shi ya kashe shi ke nan."

Ya ce a'a, ba haka ya ce ba. Wai yana iya yiwuwa caji ne ya yi ƙasa faifan ya yanke yana tsakiyar aiki. Yana kuma iya yiwuwa tocilar tana ci har ƙarshe, sai daga baya ruwa ya samu hanya ya shiga, faifan ya yanke, lokacin an riga an gama komai.

"Wanne ya riga?"

"Madam, batir ba ya riƙe labari."

Na ce ya sake aunawa. Ya sake, don ya rabu da ni. Na tambaye shi, shi in ɗan'uwansa ne zai shiga ruwa wanne zai sa masa? Ya daɗe yana juya batirin a hannu. Ya ce shi ɗan'uwansa tela ne.

E kawai na je nema. Ko wannan ba a samu mai ba ni ba.

Talata, 9 ga Afrilu

Zumuntar mata sun zo, sun cika falo. Mama Susan, shugabarmu, ta riƙe hannuna ta ce in saki Kudu a zuciyata, wai riƙo ni zai ci. Mijinta yana gida yana karanta jarida. Na ce na gode, na kawo musu zoɓo.

Litinin, 15 ga Afrilu

An kawo ruwan famfo yau. Na tara bokiti, na tsaya ina kallonsa yana zuba. Daga can yake zuwa. Duk garin nan abin da suke sha ke nan, suna wanka, suna dafa shinkafa.

Na zubar a kwata. Na aika an sayo mana na leda.

Asabar, 20 ga Afrilu

Kudu ya dawo, wannan karon da matarsa Rahmatu. Da don shi ne da ban buɗe ba. Amma Rahmatu ita ta kwana da ni a asibiti ranar da na haifi Shekinah, ba na iya barinta a rana. Ta zauna a ƙasa kan tabarma ko da na nuna mata kujera.

Ya ce yana so in ji daga bakinsa. Na ce ina ji.

Wani masunci ne, Ndagi, kwalekwalensa ya kife. 'Yan'uwansa suka cika bakin dam, uwarsa tana birgima a ƙasa. Ranar layin Kudu ne na shiga ruwa, amma kunnensa yana ciwo tun kwana biyu, sai Kambai ya ce bari shi ya shiga. Ya shiga da safe, ya daɗe, ya fito ba komai. Ya canza silindar iska. Tocila kuwa da ya danna ta kawo fes, domin haka halin mai kariya yake, fes yake har lokacin da zai yanke. Ba wanda ya yi tunanin canza batir. Uwar Ndagi ta kama ƙafarsa. Ya koma.

Na ce, "Ka ga lokacin da hasken ya ɗauke?"

"Ban gani ba. Ruwan kamar kunu yake, daga sama ba a ganin komai."

Igiya ce ta daina motsi. Ya ja, ta ƙi zuwa. Ya faɗa ruwan da kunnen nasa haka. Ya same shi a jikin wata bishiya da ta nutse tun lokacin da aka tare ruwan, tsohon taru ya naɗe masa ƙafa da silinda. Wuƙarsa tana hannunsa. Ya yanka da yawa, saura kaɗan. Tocila tana lilo a wuyan hannunsa, a mace.

Saura kaɗan. Da bai faɗa mini wannan ba.

Kunnen Kudu ya fashe a ranar, likita ya ce shi da nutso har abada. Rahmatu ce ta faɗa, shi bai faɗa ba. Tana jira in ce Allah sarki. Ban ce ba.

Na ce, "Layinka ne, batirinka ne. Me ya rage wanda ba naka ba?"

Ya ce, "Babu."

Na so ya yi musu. Na shirya maganganu tun a ƙauye, na jera su, ga shi ya bar ni da su a baki.

Ndagi kuwa washegari gawarsa ta taso da kanta, kusa da inda mata suke wanki. Ba wanda ya nutsa ya ɗauko ta.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Da kanta.

Alhamis, 2 ga Mayu

Na koma makaranta. 'Yan ajina sun miƙe sun gaishe ni da wata irin murya da aka koya musu. Hedimasta ya ce in ɗauki abin a hankali, sannan ya miƙo mini jadawalin da aka ƙara mini darasi biyu.

Mutanen da suke kiran Kambai ya share musu bakin bututun dam duk shekara, ko katin gaisuwa ba su aiko ba. Sai yau wani ya bugo wayarsa, yana tambaya ko oga yana nan, akwai aiki. Na ce yana nan, ka je Zonkwa ka yi kwana ta hagu.

Lahadi, 12 ga Mayu

Eric ya zo cin abinci bayan sujada. Ƙanin Kambai, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya gama karatu shekara huɗu ke nan, yana yawo da takardu a fayil, ba aiki. Kambai ya koya masa nutso a hutu, na ɗauka wasa ne.

Ya gama cin abinci tas, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Anti, ina son kayan Yaya."

Na ɗauka riguna yake nufi.

Wai a satin da ya wuce mutum ya faɗa wani tsohon rami mai ruwa a wajen Gwada, aka zo har Shango ana neman mai nutso, babu. Wai duk yankin nan ba wani. Wai Kudu zai riƙe masa igiya.

Na ce, "Mama ta binne ɗaya, ƙasar ba ta bushe ba."

"Anti, zaman nan da nake yi ma wata binnewar ce."

Muryarsa sak ta yayansa in ya riga ya yanke magana. Haka yake taɓa kunne ma. Na tashi na shiga kicin na riƙa wanke tukunyar da na riga na wanke.

Kudu. Ɗaya bai ishe shi ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na ba shi kayan. In ban ba shi ba zai je ya aro na wani wanda ba a san lafiyarsu ba. Rigar roba, gilashin fuska, silinda, wuƙa. Amma na ce da sharaɗi ɗaya: ba zai sa mai kariya a tocila ba. Abin da yayansa ya yarda da shi zai sa, wanda zai yi masa ja ya ce fito.

Ya ce Kudu ba zai yarda ba. Na ce Kudu ba shi da bakin magana a gidan nan.

Ya ce, "Anti, kin ga hannunsa fa."

Na ce, "Na ga hannunsa. Kai ka ga fuskar yayanka da aka fito da shi?"

Ya tattara kayan. Na ci wannan. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ina gyara ƙarƙashin gado na ci karo da gwangwanin madara, da nauyi. Tsofaffin batiransa ne, tsirara, shuɗaye da jajaye, ya naɗe kowanne da takarda. Ashe bai zubar ba. Ya yi wa Kudu alkawari, amma bai zubar ba.

Na zauna a ƙasa da gwangwanin a cinya na yi ta dariya ni kaɗai, har ta juye ta zama wani abu. Ka ga, kai ma ba ka yarda ba. Ka dai ji kunyarsa ne.

Gobe in an kawo wuta zan yi musu caji in ba Eric.

Litinin, 27 ga Mayu

Yau ranar yara. Da yanzu Shekinah tana fili tana maci da 'yan makarantarsu, ta yi sati tana gwadawa a tsakar gida da tsintsiya a kafaɗa. Ga ta nan kwance, hannu a naɗe.

Ranar Asabar aka kawo wuta da azahar. Na sa biyu a cajar Kambai, a kan teburin da take karatu, don nan soket mai kyau yake. Fitilar cajar ta yi ja, na ce to, suna sha. Na fita shanya. Ita tana zaune a wurin tana zane.

Wani sauti na fara ji, kamar an sa ɗanyen kifi a mai. Sai ihunta. Kafin in kai ƙofa wani abu ya buga kamar an harba bindiga. Ɗakin ya cika da farin hayaƙi mai ɗaci, labule yana ci, wani abu yana juyi a ƙasa yana feshin wuta kamar abin wasan Kirsimeti. Ban san yadda na fito da ita ba. Baba Andrawus maƙwabcinmu ne ya shigo da bokitin yashi daga ginin da yake yi, shi ya kashe.

Hannunta na dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ta kai hannu ne za ta zare cajar, don ta ga tana hayaƙi. Likita ya ce bai yi zurfi ba, amma tabo zai zauna. Fuskarta lafiya. Idonta lafiya. Ina ta rubuta wannan ina sake karantawa.

Abdulwasiu ya zo dubiya jiya. Ya ga sauran na cikin gwangwani ya kama kai. Wai tsirara in ya daɗe a ajiye ya tsotse ƙaf, cikinsa yakan lalace, in aka ba shi wuta sai abin da Allah ya yi. Da mai kariya ne, da faifan ya ƙi karɓar wutar. Ya kwashe su duka ya tafi da su a cikin yashi.

To. Wannan ya yanke maka wuta a ƙasan ruwa, wancan ya cinna maka ita a ɗaki. Sai a zaɓa. Wa ya zauna ya ƙera abin nan, ya sa a kwali, ya aiko mana?

Talata, 28 ga Mayu

Kai ma, Kambai. Ka ajiye wuta a ƙarƙashin gadon da 'yarka take hawa, ka tafi ba ka ce komai ba. Yau da kai nake fushi. Ba ka nan balle ka taɓa kunne ka ce yi haƙuri.

Asabar, 1 ga Yuni

Sun zo, Kudu da Rahmatu. Ta kawo zuma da man kaɗanya, wai in ciwon ya rufe a riƙa shafawa.

Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana kallon bangon da ya yi baƙi har rufi. Na tsaya a bayansa na naɗe hannu ina jira. Faɗi mana. Ka ce ai na faɗa. Ka ɗaga mini hannun kamar yadda ka ɗaga masa. Na riga na tanadi amsa.

Ya ce, "Akwai sauran fenti a gidana, fari. Eric zai zo ya ɗauka."

Mutumin nan ya iya hana mutum faɗa.

Shekinah ce ta kira shi daga gado. "Baban Aziza, naka ma haka ya yi ƙara?" Sai da ya juya mata kunnen da yake ji ta sake faɗa. Ya ce nasa ya fi, har kifaye suka gudu dam ɗin Shiroro. Ta ce ya nuna mata. Na buɗe baki zan hana, ya riga ya miƙa. Ta riƙa taɓa wurin da yatsun suke a da, tana tambaya ko yana ciwo, ko yana iya cin tuwo da shi. Ya ce loma ce dai ta ƙanƙance, shi ya sa ya rame. Ta yi dariya.

Tun Maris ban ji wannan dariyar ba. Kuma shi ya samu, ba ni ba. Wannan ma na riƙe.

Laraba, 12 ga Yuni

Eric ya yi fentin. Baƙin yana leƙowa ta ƙasa, sai an sake shafawa.

Lahadi, 16 ga Yuni

Eric ya shimfiɗa kayansa a tsakar gida yana nuna mini, kamar mai talla. Babbar tocila, mai kariya a ciki. Wata ƙarama ɗaure a kafaɗa, ita ma da nata, ba za a kunna ta ba sai babbar ta yanke. Duk fitowa a canza batir, ko da ya nuna fes. Caji a waje, cikin tsohuwar tukunya, a kan yashi. Wai dokar Kudu ce, in ya karya ɗaya ba zai riƙe masa igiya ba.

Tocila biyu. Abin da yaron aji uku zai iya tunani.

Na sa gyale na tafi gidan su Kudu, ban ma tsaya tunani ba. Yana zaune a ƙofar gida yana gyaran igiya. Ban gaishe shi ba.

Na ce, "Wannan dabarar ina take a watan Maris?"

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Mun yi shekaru muna shiga da ɗaya muna fitowa. Muka ɗauka iyawarmu ce. Muna ta musu a kan wane batir, wane batir, ba wanda ya ce a ƙara tocila. Ni ban ce ba, shi bai ce ba."

"Kada ka sa shi a ciki."

"To."

Na tsaya. Ban san me kuma na zo yi ba. Rahmatu ta leƙo ta ce in shigo in sha ruwa, na ce ina sauri. Ba inda za ni.

A hanya na riƙa maimaitawa, shi bai ce ba. Gaskiya ne, kuma ban so ta ba.

Juma'a, 28 ga Yuni

Gobe Eric zai shiga. Share bakin bututu, taruna sun toshe shi. Ya ce ba zurfi sosai. Haka wancan ma yake cewa.

Ba zan je ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Na je. Na bar Shekinah wurin Mama Susan na ce kasuwa za ni.

Dam ya cika, ruwan ya yi ja saboda damina. Na tsaya nesa, wajen wani dutse, inda ba za su gan ni ba. Eric ya zauna a bakin kwalekwale, Kudu ya duba shi tun daga kai har ƙafa, ya sa shi ya kunna babbar, ya kashe, ya kunna ƙaramar, ya kashe. Ya sake sa shi. Sannan ya dafa kansa ya ce wani abu, nasu na Musulmi ina jin, Eric kuma ya yi tasa addu'ar. Ya juya baya ya faɗa.

Ban san haka abin yake ba. Duk shekarun nan ban taɓa zuwa ba, Kambai ba ya so. Ashe ba abin da ake gani. Ruwa ne kawai, da kumfa tana fitowa jefi-jefi, da mutum ɗaya a sunkuye da igiya. Ya naɗa ta a hannun mai yatsu ukun, don wai ya fi jin motsi. Bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ƙuda ya sauka a fuskarsa bai kore shi ba.

Sai na ga Rahmatu. Tana zaune a kan wani kututture can gefe, ita kaɗai, da carbi. Wata mai sayar da soyayyen kifi ta ce mini kullum mijinta zai hau ruwa sai ta zo, tun ranar da abin ya faru, wai tsoro take kada ya ga wani abu ya sake faɗawa da kunnen nan. Ta gan ni. Ba ta taso ba, ba ta yi mini hannu ba. Ta kyauta.

Hadari ya haɗo daga gabas, aka fara yayyafi, sannan aka sake shi da ƙarfi. Masu kifi suka kwashe faranti suka gudu rumfa. Kudu bai motsa ba. Ita ma ba ta motsa ba, hijabinta ya manne mata a jiki.

Ni ina da lema. Babba ce, ta mutum biyu ce tun asali, kuma dutsen da na tsaya ruwa yana gangarowa ta kansa yana jiƙa mini ƙafa. Kututturen ya fi tudu. Dalilin ke nan.

Na je wurinta. Ta matsa kaɗan, na zauna. Na matso da lemar kanmu biyu. Can kumfar ta ɗauke na ɗan lokaci, na ji an damƙe mini hannu, ko ni na damƙe nata, ban tabbata ba. Bakina yana ta Yesu, Yesu, nata yana nata. Na ji kaina ina cewa ka riƙe shi, ka riƙe igiyar nan da kyau, kuma ba da Ubangiji nake ba.

Eric ya fito da tarin taru a kafaɗa, tocila tana ci. Kudu ya jawo shi cikin kwalekwale, ya karɓi tocilar, ya buɗe ta a ƙarƙashin rigarsa ya canza batir, ko da an gama aikin. Sannan ya zauna ya rufe fuska da hannu biyu.

Ban yafe ba. In Mama Susan ta tambaya, ban yafe ba.

Lemar tana wurin Rahmatu, gidansu ya fi nisa da titi. Ta ce za ta aiko Aziza da ita gobe. Na ce ta bari, ni zan biyo in karɓa.